Shin Ko Kun San? Mutanen da Amsarsu Ita Ce "Ban Sani Ba"

Shin ko kun san cewa akwai miliyoyin mutane a duniyar nan da idan aka tambaye su ko akwai Allah, ba za su ce "i" ba, ba kuma za su ce "a'a" ba? Amsarsu kalma uku ce rak: ban sani ba. Ku gyara zama ku sha labari! Wannan ƴar amsa tana da suna, tana da littattafai, har shekarar da aka raɗa mata suna an sani.

Turawa suna ce wa mai wannan ra'ayi agnostik. Girkanci ne aka haɗa gida biyu: "a", wato babu, da "gnosis", wato sani. Larabawa kuwa suna kiran aƙidar la'adriyya, daga "la adri", ban sani ba. Ku riƙe wannan ta Larabcin da kyau, domin za mu dawo kanta, kuma za ku sha mamaki.

Kada ku haɗa shi da mulhidi! Ku ƙaddara ɗaki ne a kulle, mutum uku suna tsaye a bakin ƙofa. Na farko ya ce, akwai mutum a ciki, ga takalmansa, ga ƙamshin turarensa. Na biyu ya ce, wayam ne, babu kowa. Na uku ya ce, ni ban ga ciki ba, ba zan yi shaida ba. Na farkon mumini ke nan, na biyun mulhidi, na ukun shi ne mutumin namu na yau. Ni Musulmi ne, na san inda na tsaya. Amma ina ganin rashin adalci ne a zuba na biyu da na uku a kwando ɗaya, alhali maganarsu ba ɗaya ba ce.

Su kansu kashi biyu ne fa! Wasu suna cewa, ban sani ba tukuna, wataƙila gobe hujja ta zo mini. Wasu kuma suna cewa, ba ni kaɗai ba, babu ɗan Adam ɗin da zai iya sani, yau ko gobe.

To, wa ya ƙago kalmar? Mutum ɗaya ne tak, kuma an san sunansa: Thomas Henry Huxley, masanin halittu ɗan Ingila. Shekarar kuwa 1869, shekarar da aka buɗe mashigin ruwan Suez a Masar. Kun ji! Kalmar ba ta ko cika shekara 200 ba.

Shi wannan Huxley, shekara biyu kacal ya yi a makarantar yara, yana ɗan shekara 10 ya bar aji. Sauran duk shi ya koya wa kansa, har da Jamusanci. Yana ɗan shekara 21 ya hau jirgin ruwan sojan Ingila mai suna Rattlesnake a matsayin mataimakin likita, ya yi shekara huɗu yana yawo a tekun Ostiraliya, yana kamo ƙananan halittun ruwa yana fiɗe su. Daga baya, saboda tsananin kare ra'ayoyin Charles Darwin, aka yi masa laƙabi da karen Darwin. Kada ku ɗauka zagi ne. Suna nufin wani irin kare da in ya kama abu ba ya saki.

Ga yadda abin ya faru. A 1869 aka kafa wata ƙungiya a Landan mai suna Metaphysical Society, don tattauna al'amuran gaibu. Ku dubi mahalarta! Firayim Minista William Gladstone yana ciki. Babban limamin Katolika Henry Manning yana ciki. Mawaƙin fadar sarauniya, Alfred Tennyson, yana ciki. Ga malaman kimiyya, ga marubuta. Sai a ci abincin dare tare, sannan mutum ɗaya ya karanta maƙala, sauran su yi mata ca. Huxley, wanda shi ma yana ciki, ya duba dama da hagu, ya ga kowa yana da sunan aƙidarsa, shi kaɗai ba shi da. Da kansa ya kwatanta halinsa da dila marar wutsiya a tsakiyar diloli. Sai ya ƙera wa kansa wutsiya. Ƙungiyar ta watse a 1880, amma kalmar ta bi duniya.

Wani abin sha'awa: Huxley ya dage cewa abin nasa ba addini ba ne, ba aƙida ba ce, hanyar tunani ce kawai. Wato kada mutum ya ce ya tabbatar da abin da ba shi da hujjarsa.

Shin ko kun san da waɗanne mutane ya yi wa kalmar kishiya? Da wasu tsoffin ƙungiyoyin addini na farkon zamanin Kiristanci da ake kira Gnostik, masu da'awar cewa suna da ilimin ɓoye game da Ubangiji. Littattafansu sun ɓace ɗaruruwan shekaru. Sai a 1945 wasu manoma a kusa da Nag Hammadi, a kudancin Masar, suna haƙar ƙasar taki, suka ci karo da tulu a rufe. Da aka fasa, sai ga kundaye 13 na tsohon rubutu! Shekara 50 ke nan bayan rasuwar Huxley.

Shekara ɗaya tak bayan haihuwar kalmar, a 1870, babban taron limaman Katolika a fadar Paparoma ya zartar da cewa hankalin ɗan Adam yana iya sanin Allah da yaƙini ta hanyar duban halittu. A Landan ana cewa ba a iya sani, a Roma ana cewa ana iyawa, duk a cikin ƴan watanni!

Shi Darwin fa? Da yawa suna zaton mulhidi ne. A'a! A wata wasiƙa ta 1879 ya bayyana cewa bai taɓa zama mai musun samuwar Allah ba, kuma kalmar abokinsa Huxley ce ta fi dacewa da halin zuciyarsa. Shi ne fa wanda ya shiga jami'ar Cambridge da niyyar zama limamin coci! Da ya mutu a 1882, a cikin babbar majami'ar Westminster aka binne shi, dab da kabarin Isaac Newton. Huxley yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar.

Kalmar yarinya ce, amma tambayar tsohuwa ce tukuf. Mu koma baya shekara 2,400, ƙasar Girka. Wani malami mai suna Protagoras ya rubuta littafi a kan alloli. Littafin duka ya salwanta, farkonsa kaɗai ya tsira. A nan ya nuna cewa ba shi da hanyar sanin suna nan ko ba su nan, ya kuma kawo dalili biyu: al'amarin yana da duhu, rayuwar mutum kuma gajera ce. Tsoffin marubuta sun ruwaito cewa mutanen Atina sun tattara littattafansa sun ƙone a tsakiyar kasuwa.

Akwai wanda ya fi shi! Pyrrho, shi ma Bagirke, ya bi rundunar Iskandar Mai Girma har Indiya, ya dawo yana koyar da cewa kada a yanke hukunci a kan komai. Komai fa! An ba da labarin cewa abokansa ne suke janye shi daga gaban keken doki da bakin rami, don bai yarda da abin da idonsa ya nuna masa ba. Duk da haka an ce ya kai shekara 90.

A Indiya kuwa, zamanin Buddha, an yi wani malami mai suna Sanjaya. A tambaye shi ko akwai wata rayuwa bayan mutuwa, ba zai ce akwai ba, ba zai ce babu ba, ba zai ce duka biyun ba, ba kuma zai ce ba ko ɗaya ba. Tirƙashi! Mabiya Buddha suka yi wa irinsa laƙabi da sunan wani dogon kifi mai santsi. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin riƙe tarwaɗa da hannu ya gane nufinsu. Kuma ku ji wannan: manyan almajiran Buddha guda biyu, Sariputta da Moggallana, a wurin Sanjaya suka fara karatu.

Yanzu ga abin da na ce ku riƙe. Shin ko kun san cewa malaman tauhidi na Musulunci sun raɗa wa masu kokwanto suna kimanin shekara 500 kafin Huxley? Sa'aduddin Taftazani, wanda ya rasu wajajen 1390, a sharhinsa na littafin aƙidar Nasafi, ya kasa masu musun gaskiyar abubuwa kashi uku. Akwai inadiyya, masu cewa komai mafarki ne da ruɗu. Akwai indiyya, masu cewa gaskiya ita ce abin da kowa ya ɗauka a ransa. Sai la'adriyya. Waɗannan suna shakka, suna kuma shakkar cewa suna shakka, suna shakkar wannan shakkar ma, haka dai ba iyaka! Kokwantonsu a kan komai ne, ba a kan Ubangiji kaɗai ba. Da Larabawan zamani suka nemi fassarar kalmar Huxley, ba su wahala ba. Tsohuwar kalmar nan suka ɗauko daga kundi suka kakkaɓe mata ƙura.

Amma a yi hattara! Ba kowace "la adri" ce la'adriyya ba. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi 48 a zama ɗaya, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba". Ku lissafa: biyu cikin kowane uku! Malamin Madina guda, wanda ake ɗaura wa raƙumi sirdi daga ƙasashe masu nisa don a ji fatawarsa. Tasa "ban sani ba" ta tsoron Allah ce, ta gudun yi wa addini ƙarya. Ina yaro na ga irinta da idona. Wani mutum ya shigo zauren malaminmu da tambayar gado. Malam ya yi shiru, ya shafa gemu, ya ce, "Malam, ban sani ba, ka dawo jibi in duba." Mu almajirai muka kalli juna. Mutumin kuwa ya durƙusa ya yi godiya kamar an ba shi kyautar doki.

Ga wanda ya fi burge ni duka. Imam Gazali, mai Ihya'u, littafin da har yau ake jan baƙinsa a zaurukanmu. An haife shi a Ɗus, ƙasar Iran ta yau, a 1058, ya rasu a 1111. Shin ko kun san cewa da alƙalaminsa ya rubuta cewa ya yi kusan wata biyu cikin ciwon kokwanto? A littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal ya faɗi yadda abin ya kama shi.

Da ido ya fara. Ku gwada da kanku gobe da hantsi. Ku kafa kara a tsakar gida, ku zuba wa inuwarsa ido. Tsaye take cak, ko ba haka ba? Ku ja layi a ƙasa daidai bakinta, ku je ku sha koko ku dawo. Ta gusa! Ba tsalle ta yi ba, tafiya take yi tun ɗazu a hankali, idonku ne bai gani ba. Sai ya ɗaga kai sama. Tauraro a ido bai wuce girman dinari ba, amma lissafi ya nuna ya fi duniyar nan tamu girma. To, in ido yana ƙarya, wa za a yarda da shi? Hankali. Sai wata tambayar ta taso masa: mai barci yana gaskata mafarkinsa ɗari bisa ɗari har sai ya farka. Ina tabbacin cewa babu wata farkawar da za ta ƙaryata hankalin shi ma?

Wata biyu yana cikin wannan hali, bakinsa bai furta ba, zuciyarsa tana fama. Ya ce ba jera hujjoji ne ya warkar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. Gazali bai zama ɗan la'adriyya ba, ya ratsa ta cikin kokwanto ne ya fita da yaƙini. Kuma ku lura: wannan misali na mafarki, sai bayan shekara fiye da 500, a 1641, René Descartes na Faransa ya kawo irinsa, Turai ta ɗauka da zafi.

Wani Bafaranshen, Blaise Pascal, shi da lissafi ya tunkari matsalar. Yaro ne da ya ƙera injin lissafi tun bai cika shekara 20 ba, don ya sauƙaƙa wa mahaifinsa aikin haraji. Ya ce wa mai kokwanto: to, ka ce ba ka sani ba, amma ai dole ka rayu ta ɗayan hanyoyin biyu. In ka yi imani kuma ya tabbata, ribarka ba ta da iyaka. In bai tabbata ba, asararka kaɗan ce. Ya mutu a 1662 yana ɗan shekara 39. Bayan mutuwarsa aka ji wani abu a cikin shafin rigarsa. Da aka farke ɗinkin, sai ga takarda da ya rubuta a daren 23 ga Nuwamba 1654, daren da ya ce ya ji kusancin Ubangiji. Shekara takwas yana yawo da ita a jikinsa, ba wanda ya sani!

Immanuel Kant na Jamus, a 1781, ya yanke cewa hankali zalla ba zai iya tabbatar da samuwar Allah ba, ba kuma zai iya kore ta ba. Ya ce hakan ma fili ya buɗe wa imani. Garinsu, Königsberg, yau sunansa Kaliningrad, kuma a cikin Rasha yake.

Masu sauraron rediyo, ga taku! A 1948 gidan rediyon BBC ya haɗa mutum biyu muhawara: Bertrand Russell, gwanin lissafi da falsafa, da Frederick Copleston, limamin Katolika. Tun a farko limamin ya tambaye shi ko zai ce ana iya tabbatar da cewa babu Allah. Russell ya ce a'a, shi matsayinsa na agnostik ne. Suka yi ta gwabzawa cikin ladabi, ba zagi, ba ɗaga murya.

Shi dai Russell ɗin ne mai butar shayi. A 1952 ya ce, ku ƙaddara na gaya muku akwai wata ƴar butar shayi ta tangaran tana kewaya rana tsakanin duniyarmu da duniyar Mars, ƙanƙanuwa ƙwarai har ba madubin hangen nesan da zai gano ta. Ba mai iya ƙaryata ni, amma wannan bai wajabta muku yarda ba. Masu imani suka mayar masa da martani cewa buta ba ta bayyana asalin komai, batun Mahalicci kuwa amsa ce ga tambayar daga ina duk wannan ya fito. Mujallar da ta nemi ya yi rubutun ma ba ta buga shi ba! Russell ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1950, ya rayu shekara 97.

Albert Einstein shi ma ya kira kansa agnostik a wata wasiƙa ta 1950, kuma ya sha nuna ƙin a jingina shi da mulhidai. Wata wasiƙarsa ta 1954 da ya yi maganar Allah da addini, shafi ɗaya da rabi da Jamusanci, an yi gwanjonta a New York a Disambar 2018. Nawa kuke zato? Kusan dala miliyan 2.9!

Su nawa ne a yau? A Amurka, babban binciken cibiyar Pew na 2023 zuwa 2024 ya gano cewa mutum 6 cikin kowane 100 na manya suna kiran kansu agnostik, 5 kuma mulhidai. A 2007 agnostik ɗin ba su wuce 2 da ƴan kai ba. Ga abin da zai sa ku riƙe baki: wani binciken cibiyar na daban ya nuna fiye da rabinsu sun yarda akwai wani iko na sama da ya fi ƙarfin ɗan Adam!

A Ingila da Wales kuwa, ƙasar da aka haifi kalmar, ƙidayar 2021 ta nuna mutum miliyan 22.2 sun ce ba su da addini. Amma waɗanda suka rubuta agnostik da hannunsu kimanin 32,000 ne kawai. Musulmi a wannan ƙidaya miliyan 3.9 ne.

Har duniyar kwamfuta kalmar ta kutsa! Masu ƙera manhaja suna kiran manhajar da ke aiki a kowace irin waya ko kwamfuta, ba ruwanta da kamfanin da ya ƙera, da sunan agnostik.

Mu koma gidan Huxley. Jikokinsa kaɗai abin labari ne. Julian Huxley shi ne shugaban hukumar UNESCO na farko, a 1946. Aldous Huxley shahararren marubuci ne. Andrew Huxley ya ci kyautar Nobel a 1963 kan yadda jijiyoyin jiki suke aika saƙo. Gida ɗaya!

Amma akwai abin da ya faru a gidan nan shekara tara kafin a ƙago kalmar. A Satumbar 1860, ɗansa na fari, Noel, bai cika shekara huɗu ba, zazzaɓi mai tsanani ya kama shi. Cikin ƴan kwanaki ya rasu. Wani limamin coci kuma marubuci, Charles Kingsley, ya aiko masa da ta'aziyya, yana tuna masa rayuwar lahira. Huxley ya mayar da doguwar wasiƙa, zuciyarsa a karye. Ya ce shi bai musanta rayuwa bayan mutuwa ba, bai kuma tabbatar da ita ba, kuma ko da zai rasa duk abin da ya mallaka ba zai faɗi abin da bai sani ba don ya sami sanyin rai. Duk lokacin da na tuna wannan uba a bakin kabarin ɗansa, tausayi yakan kama ni.

Matarsa Henrietta kuwa mai imani ce. A Sydney suka haɗu a 1847, lokacin tafiyar jirgin nan, ta jira shi shekara takwas kafin a ɗaura aure a 1855. Suka haifi ƴaƴa takwas, suka zauna tare shekara 40. Da ya rasu a 1895, aka kai shi maƙabartar Finchley a arewacin Landan, inda aka binne Noel. Shi da kansa ya nemi a rubuta layi uku na wata waƙar matarsa a kan dutsen kabarinsa. Kuma shin ko kun san? A cikin layukan nan uku akwai ambaton Allah.